Hayaƙi a Motar Amarya

Tun ranar da na fara ganin motar nan ban so ta ba. Ja ce wur, ƙofa biyu kacal, cikinta kamar zai shafi ƙasa, in ta shigo layinmu kuwa sai awaki sun tsinke igiya don ƙara. Mahfuzu, babban abokin ango, shi ya sayo ta daga Duwala, wai motar tsere ce. Na ce tsere da wa, a Garwa? A titin da ba ka gama sauka daga wannan tudun rage gudu ba sai ka hau wancan? Amma wa zai saurari tsohuwa. Ango da abokansa sun riga sun yanke cewa a cikinta za a kai amarya Ngong, inda yake aiki, ita ma da aka tambaye ta murmushi kawai ta yi.

Amaryar 'yata ce, 'yar fari. Malamar makaranta ce, ita ta kawo Nasrullahi da kanta ta ce shi take so, muka ce Allah ya sa albarka. In kun lura ban faɗi sunanta ba. Haka muka taso, haka na ga uwata ta yi da yayana. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Tun tana cikin zanen goyo "ke" nake ce mata, in ana zancenta in ce "yarinyar nan". Ranar da ta faɗo daga mangwaro ta karya hannu tana ƙarama, kakarta ce ta ɗauke ta a guje, ni ina tsakar gida na ci gaba da tankaɗe. Garin ranar zubar da shi aka yi, don hawaye ya ɓata shi.

Garejin Fulbert yana kallon ƙofar gidanmu. Mutumin kan dutse ne, Kirista, ya daɗe a unguwar tun marigayi maigidana Alhaji Hassan yana da rai. Shi kaɗai ne yake haɗa ni da sunan yarinyar nan, ya ce min Maman Wance, don haka suke kiran mace a wajensu. Ban taɓa amsa masa ba. Shi ma ɗan taurin kai bai taɓa dainawa ba.

Ana gobe kai amarya, da la'asar, Mahfuzu ya kawo masa motar. Ina zaure ina jiran masu kawo itacen suyar dubulan, shi ya sa na ga farkon aikin da idona. Fulbert ya hau da ita kan ramin garejinsa, ya sauka ƙasa da kwanon kumfar omo. Ya ce a tayar da ita, ya toshe bakin salansa da tsumma, ya bi bututun yana shafa kumfa. Duk inda ya shafa a mahaɗa sai kumfar ta kumbura ta fashe.

"Patron, ka gani?" ya ce wa Mahfuzu. "Wuri uku tana yoyo. Ƙarar nan da kake so, ba ƙarfi ba ne. Hayaƙi ne yake fita inda bai kamata ba."

Mahfuzu ya yi dariya ya ce shi dai kada a kashe masa muryar mota, gobe so yake duk Ngong su san an kawo amarya.

Fulbert ya nuna masa cewa bututun gaɓa-gaɓa ne kamar rake, an zura wannan cikin wancan an matse da zoben ƙarfe. Duk tudun da motar ta hau sai cikinta ya daki ƙasa, har mahaɗan suka saki. Da bututun ya huce ya kwance mahaɗa ta farko, ya kankare tsatsa da burushin waya har ƙarfen ya yi fari, ya buɗe wani gwangwani mai ƙulli ruwan toka da suke cewa mastik, ya lakato da yatsa ya shafe bakin ciki da waje. Ya mayar ya zura, ya sa sabon zobe ya ɗaure tamau, ya goge abin da ya tsattsafo. A hankali yake yi, yana waƙar cocinsu a ƙasan maƙoshi. Daga nan aka kira ni ciki, man suya ya ƙare, sauran labarin sai daga baya na ji.

Ashe ya gama biyu, da ya zo ta ukun, wadda take daidai ƙarƙashin kujerar baya, sai tsohon zoben ya ɓalle a hannunsa, tsatsa ta cinye shi. Irin faɗinsa babu a garejin, masu kayan mota kuma sun rufe. Ya bar mahaɗar a sake, ya ce wa Mahfuzu gobe in ya fito coci zai nemo, kada kowa ya tayar da motar kafin nan. Ya ɗaura jan tsummansa a sitiyari. Duk layinmu har yara sun san tsumman nan: motar da ka gan shi a kanta ba ta gamu ba, ba a taɓa ta. Mahfuzu kuwa ba ɗan layinmu ba ne, kuma yana kan waya lokacin, kai kawai ya gyaɗa. Shi a zatonsa duk zancen ƙara ne.

An shirya sai bayan azahar za a tashi. Sai ga dangin ango tun hantsi, wai zafi, wai hanya, wai can ana jira. Watan tsananin zafi ne, wanda ko ƙarfen ƙofa ba ka iya dafawa. Gida ya kaure. Mahfuzu ya ɗauko makullinsa na biyu ya fito da motar daga gareji, ƙawayen amarya suka rufe ta da ribon da furannin roba. Ɗaya daga cikinsu ta ga tsumma duk baƙin mai a sitiyarin motar amarya, ta kama shi da yatsa biyu ta jefa a kwata. Gwaggo Fati, ƙanwar marigayi, ita ce za ta raka amarya. Ta sa aka shigar da kaskon turaren wuta aka rufe ƙofofi har kujerun suka sha suka ƙoshi, yadda ko mushe aka sa a ciki ba mai jin warinsa.

Ni ina ɗaki, na juya wa ƙofa baya, yadda uwar amarya take yi. Aka shigo da ita a lulluɓe ta durƙusa. Na ce ta yi haƙuri, ta riƙe ibada, Allah ya yi mata albarka. Ta kama ƙafata ta riƙe, ina jin ɗumin hawayenta a kan yatsuna, ban waiwaya ba. A bakin ƙofa na ji Fati tana ja mata kunne.

"Kin ji ni ko? Daga nan har a sayi bakinki, ko kunama ce ta harbe ki kada in ji uffan. Dangin miji ido suke sa wa. Kada ki ba mu kunya."

Aka yi guɗa, motar ta yi ruri, sauran motoci suka bi ta da oda. Gida ya yi tsit, sai 'yan tsofaffi da masu wanke-wanke.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a zaune ba. Ƙarar faɗuwar kwanuka na ji a tsakar gida, da muryar mata suna salati. Na leƙo. Fulbert ne, da farar rigarsa ta coci, ya shigo har tsakiyar mata ba sallama, mutumin da bai taɓa wuce zaurenmu ba. Sabon zoben ƙarfe yana hannunsa.

"Hajja, ina motar?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ta tafi kai amarya mana."

Wallahi a gabana fuskarsa ta canza. Ya ce, "Mon Dieu." Ya sake faɗa. Sannan ya tambaye ni wa yake zaune a baya.

"Yarinyar nan."

"Gilashi a buɗe?"

"A wannan zafin? Na'urar sanyi Mahfuzu ya kunna musu."

Ya matso yana magana da sauri, Hausarsa tana hawa kan Faransanci. Mahaɗar a sake take, kuma a saman ta akwai rami a ƙasan motar, inda tudu ya daɗe yana gurza, tabarmar roba ce kawai ta rufe shi. In ana gudu da sauƙi, iska tana kwashewa. In aka tsaya inji yana aiki, duk hayaƙin sama zai hau, ƙarƙashin kujerar baya.

Na ce, "To ai za su ji wari su buɗe."

"Hajja, mai kisan ba shi da wari. Ba tari, ba ihu. Kai zai yi ciwo, mutum ya ji barci, shi ke nan. Na taɓa fitar da direba daga babbar mota a tasha, yana zaune kamar mai hutawa."

Gabana ya yanke ya faɗi. Na zauna a kan turmi. Na zaro waya na kasa gane lambobi, Fulbert ya karɓa ya danna min. Ta Mahfuzu ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta yarinyar nan tana jakar ƙawayenta a kashe. Muka kira Fati. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka, ƙarar oda da kiɗa sun cika wayar.

"Zainabu? Muna kan gadar Binuwai, ba gaba ba baya! Wata motar auduga ce ta mutu a tsakiya, ta tare hanya!"

"Kina cikin motar?"

"Ina! Kaina ne ya dinga sarawa, na fito na koma bas wajen mata. Mahfuzu ya tafi ganin abin da ya tare mu."

"Ita fa?"

"Tana ciki, an bar mata sanyi. Kai Zainabu, kin yi tarbiyya! Tun da muka tsaya ko motsi ba ta yi ba, dangin ango sai yabawa suke!"

Na miƙe tsaye. "Fati, ki buɗe motar! Ki fito da ita yanzu!"

Daidai nan wata ta rangaɗa guɗa a kusa da ita. "Me kika ce? Jama'a, ku ji, uwar amarya ta kasa haƙuri!" Na ji mata sun kwashe da dariya, wayar ta mutu. Muka sake kira, muka sake, ba ta ɗauka ba. Na san halin Fati, ta jefa ta a jaka ta koma hira.

Uwar amarya ba ta bin ayari. Ko ƙofar gida ba ta leƙawa, in ta yi a shekara ana zancen. Fulbert ya riga ya fita yana buga babur ɗinsa. Na tsinci kaina a bayansa da ɗankwali kawai, takalmi ɗaya nawa ɗaya na wata, tsofaffi suna kirana daga zaure. Ban taɓa hawa bayan namijin da ba muharramina ba sai ranar, kuma na riƙe rigar cocinsa har ta yage a kafaɗa.

Allah ya isa tsakanina da hanyar nan. Wajen kasuwa masu amalanke sun cika titi, kowa yana tafiyarsa kamar ba mutuwa a duniya. Na dinga ihu a ba mu hanya, da Hausa da Fulatanci, har da zagin da ban san na iya ba. A shatale wani jandarma ya busa mana usur, Fulbert ko kallonsa bai yi ba. Gaba kaɗan sai ga garken shanu suna ƙetare titi ɗaya bayan ɗaya, makiyayin yana tafe da sanda a wuya. Nan na fara kuka sosai. Ina ganinta a raina zaune a wannan matsattsen wuri, gwiwoyi a haɗe, kai a sunkuye. Mota mai ƙofa biyu, wanda yake baya ba ya iya fita sai an kwantar masa da kujerar gaba. Ko ta so fita ba ta san inda ake taɓawa ba.

Na so in yi addu'a. Duk abin da na haddace ya gudu daga kaina. Na ce Ya Allah, yarinyar nan, yarinyar nan. Sai na ji tsoro ya ƙaru, don yara da yawa ne a duniya, ni kuma ko a gaban Ubangijina na kasa cewa wacce.

"Fulbert, za mu same ta?"

Ya ƙara wuta kawai.

Tun kafin gada layin motoci ya fara. Muka bi ta tsakaninsu, gwiwata tana gurzar ƙarfe mai zafi, har muka zo inda babura ma suka cunkushe. Na diro. Ban san ina iya gudu ba a shekaruna, amma na yi, takalman ma a nan suka tsaya. Kwalta tana ƙona tafin ƙafata, kogin yana ƙasa ya janye sai yashi, masu sayar da ruwan sanyi da soyayyen kifi suna ta cinikinsu a jikin tagogi. Na wuce bas ɗin 'yan biki, na ji kiɗa da tafi a ciki, wata ta ce, "La! Ba uwar amarya ba ce waccan?" Ban tsaya ba.

Ga ta can, ja wur, da ribon ɗinta, tana ta gurnani a tsaye. Gilashinta baƙi ne, ba ka ganin ciki. Wasu mata biyu daga dangin ango suna jingine a jikinta suna cin gyaɗa.

Na doki gilashin da tafin hannu. Shiru. Na laluba ƙofar, tsinanniyar mota ko mariƙi ba ta da shi a inda ake sa mariƙi. Fulbert ya iso yana haki, ya ture ni, ya danna wani abu ƙofa ta buɗe, ya miƙa hannu ya kashe injin. Sanyi ya bugo ni, da ƙamshin turaren Fati, da wani ɗaci a ƙarƙashinsa wanda ya kama min maƙogwaro. Ya ja kujerar gaba ta kife.

Tana zaune yadda aka ajiye ta. Mayafi a rufe, kai a ƙasa, hannuwa a kan cinya, lallen ya yi kyau. Zaman amarya sak, babu abin da za ka ce ya yi kuskure. Na kama hannunta sai ya zame ya faɗi gefe, kanta ya bi shi.

Ihun da na yi, an ce har masu wanki a bakin kogi sun ɗago. Muka jawo ta, Fulbert ya kama kafaɗu ni ƙafafu, jikinta ya saki kamar jiƙaƙƙen zani. Muka shimfiɗe ta a gefen gada. Na yaye mayafin. Idonta a rufe, leɓenta ja, ban san janbaki ne ko wani abu ba. Na sa kunnena a hancinta, bugun zuciyata ya hana ni jin komai.

Kafin ka ce me, mutane sun rufe mu. Wannan yana yayyafa ruwa, waccan tana fifita da kwali, ƙawayenta suna kuka suna "Amarya! Amarya!" Wani tsoho ya ce da Fulatanci ai mutanen ruwa ne, ba a tsayar da amarya a kan kogi da rana tsaka. Nan take zancen ya karɓu. Fati ta iso tana salati, ta ce a kawo kasko da sauran turaren a yi mata hayaƙi aljanun su sake ta. Wata har ta taho da shi daga bas. Hayaƙi! Na kai wa kaskon nan duka da bayan hannu, ya tashi ta saman ƙarfen gada ya tafi kogi, garwashin ya ƙona ni ban ji ba.

"Duk wadda ta sake kawo min hayaƙi nan sai na bi da ita ta inda kaskon ya bi! Ku matsa! Ku matsa ku ba ta iska!"

Fulbert ya buɗe hannuwa yana tura mutane baya. Ya durƙusa ya kwantar da ita a gefenta, ya sa yatsu a wuyanta, ya daɗe. Ni dai bakinsa nake kallo.

"Tana numfashi. Kaɗan." Ya ɗago. "Hajja, ki kira ta. Kada ki bari ta yi nisa. Muryarki ta sani."

Na girgiza ta. "Ke! Ke, tashi!"

Ko gezau.

"Ke yarinyar nan, ba da ke nake ba? Tashi mana!"

Babu abin da ya motsa sai gefen mayafinta da iska take kaɗawa. Na ɗaga kai. Surukaina suna tsaye, ƙannen mijina suna tsaye, ƙawayenta, direbobi, masu tallan kifi, duk ido a kaina. Sunan yana nan a ƙirjina inda na ajiye shi tun ranar da aka raɗa mata, na san nauyinsa, amma harshena bai san hanyarsa ba. Na farko da ya fito ko ni ban ji shi ba. Na ɗora kanta a cinyata, na sa bakina a kunnenta.

"Sadiƙa."

Na ji Fati ta ja numfashi a bayana.

"Sadiƙa! Sadiƙa, Innarki ce! Sadiƙatu, kada ki yi min haka!"

Da ya fito sai ya ƙi tsayawa. Na dinga kwarara shi a kan gadar nan kamar mai kiran ɗan da ya ɓata a kasuwa, ina kuka, ina jijjiga ta, majina da hawaye duk sun haɗe. Ban san sau nawa ba. Can sai fatar idonta ta motsa. Ƙirjinta ya ɗaga, ta yi wani irin tari, ta amayar da ɗan kunun da aka ba ta da safe a kan zanena. Ban taɓa murnar amai ba sai ranar.

Mahfuzu ya iso a guje, da ya ga abin da ake ciki sai ya ɗora hannu a ka ya durƙushe. Na ce ya tashi, ba lokacin wannan ba ne. Shi da Fulbert suka ɗauke ta a hannu suka bi tsakanin motoci har bakin gada ta ɓangaren gari, ina biye ina riƙe da ƙafarta ina ta kiranta, don Fulbert ya ce kada in daina. Wani mai a-kori-kura ya sauke buhunan albasarsa a titi ya juya da mu asibiti. Har yau ban san sunansa ba, Allah ya saka masa.

Suka sa mata abin shaƙar iska a fuska, suka ce mu jira a waje. Na zauna a ƙasan baranda, ƙafafuna duk sun yi bororo, a lokacin na fara jin zafinsu. Duk ma'aikaciyar da ta fito sai in bi ta da ido. Nasrullahi ya iso daga Ngong a kan babur da babbar rigarsa ta angonci, ya tsuguna nesa da ni yana kuka a hannun riga. Sai wajen la'asar likita ya fito ya ce ta farfaɗo sosai, ta san inda take, amma za su riƙe ta su ga yadda kanta zai yi. Ya ce da an ƙara jimawa kaɗan da wani zancen ake. Ya ce iskar waje ce ta dawo da ita. To, ya faɗi nasa.

Da aka bar mu muka shiga, ɗakin ya cika, har da Fati da surukai. Na tsaya daga ƙarshen gado, don kunyar ta fara dawo min. Ta zare abin fuskar, muryarta a dishe.

"Inna."

Fati ta buɗe baki, na san zancen sayen baki za ta yi. Na kalle ta sau ɗaya ta mayar da shi ta rufe.

"Me ya sa ba ki buga gilashi ba?" na ce. Faɗa na so in yi, muryar ta ƙi.

"Na ji kaina kamar zai tsage, zuciyata tana tashi. Na ɗaga hannu zan buga, sai na ga 'yan'uwansa a jikin motar." Ta haɗiye yawu. "Na ce kada a ce 'yarki ba ta da kunya."

Na kama ƙarfen gadon na riƙe.

"Inna, na ji ki fa. Kamar daga ƙasan rijiya, amma na ji." Ta miƙo hannu mai lalle. "Sake faɗa."

Mutum ya kai goma a ɗakin nan. Na zagayo na zauna a bakin gadon, na kama hannun, na faɗa a fili yadda kowa zai ji. Ta rufe ido tana murmushi ta ce in ƙara, na ƙara.

Da aka sallame ta, a tsohuwar bas aka kai ta Ngong, tagogi a buɗe, tana hira da ƙawayenta tun daga ƙofar gida. Wanda ya ga rashin kunya a ciki bai faɗa a gabana ba.

Jar motar kuwa janyo ta aka yi da igiya har gareji. Washegarin tafiyarsu da safe na fito zubar da shara, na tarar da ita a kan rami, sabon jan tsumma a sitiyari. Fulbert yana ƙasa, ya liƙe ramin ƙasan motar da faranti na ƙarfe, yana shafa ƙullinsa a mahaɗa ta uku, zoben nan yana rataye a yatsansa. Ya zura, ya ɗaure, ya shafa kumfa yana jira a tayar masa. Da ya hango ƙafafuna a naɗe da bandeji sai ya leƙo da kai daga ramin.

"Maman Sadiƙa!"

Na ajiye kwandon shara.

"Na'am," na ce. "Ina kwana, Fulbert."